Inuwar da Baba Ya Yi wa Sola

Duk rayuwar Baba, rana abokiyar gaba ce. Ita ke ƙona masa dashe, ita ke mayar da kwandon tumatir ruwa kafin a kai kasuwa. Shi ya sa da 'yarsa, mai kula da ɗakin sanyin da manoman lambu suka haɗu suka kafa, ta ce masa rana ce ke sanyaya ɗakin, sai ya gyaɗa kai kawai. Yaran yanzu ba a ja da su.

A ɗakin nan tumatirinsa na ƙarshen rani yake, da na maƙwabta, ana jiran motar ranar kasuwa. Da tafiya ta kama 'yar, ta miƙa masa mabuɗi.

"Baba, ka dai riƙa rufe ƙofa. Kada ka taɓa komai."

Da rana ta take, ya hau tsani ya leƙa farantan solar da ke kan rufi. Ya ɗora hannu, ya janye da sauri, zafi kamar murfin tukunya. Tausayi ya kama shi. Abin da ake so ya ba da sanyi, a bar shi yana gasuwa haka? Ko dashen barkono ba a yi masa wannan rashin imanin. Ya kwaso tabarmi da buhuna ya lulluɓe su tsaf, har da danne gefe da duwatsu, ya sauko yana jin ya yi aikin lada.

Washegari injin sanyaya ɗakin ya kama kuka, wata jar fitila tana ƙiftawa. Baba ya ce lallai zafin bai sake shi ba, ya ƙara tabarma. Can injin ya yi shiru, ya ce to, an samu sauƙi.

'Yar ta dawo da rana tsaka. Tana buɗe ƙofa, ɗumi ya bugi fuskarta. Ta ja baya ta ɗaga kai.

"Baba, wa ya rufe su?"

"Ni mana. Zafi suke yi."

"Ai zafin ranar nan shi ne abincinsu. Batir ya ƙare."

"To shi sanyin daga ina yake fitowa?"

Ta hau tsani tana jefo tabarmi. Baba ya shiga ya latsa tumatir ɗaya a kwandon maƙwabcinsa. Ya yi laushi, amma bai fashe ba. Kunya ta rufe shi, ga shi har yanzu bai gane inda ya yi kuskure ba.

"In rana ta tsaya har faɗuwarta, za su kai kasuwa," in ji ta daga sama.

Sai iska ta kaɗa. Baba ya waiwaya gabas, ga hadari ya taso baƙi ƙirin, hadarin da yake roƙo tun da ya binne masararsa a busasshiyar ƙasa. Ya ɗaga hannuwa yadda ya saba. Ya dubi gona, ya dubi rufin ɗakin, ya rasa abin da zai roƙa.