Ranar da Baban Mastura Ya Ƙi Ɗaukar Waya

Wai mijina ne ɗan leƙen asiri! Baban Mastura, mutumin da ko gishiri ya yi yawa a miya ba ya iya faɗa.

Abdou ne ya fara furta kalmar, ɗan Nijar ɗin da suke okada tare a Agege. An kama babur ɗin Abdou, an kama na kowa a tasharsu, na mijina kaɗai ya tsira. Sai suka ce shi ke kai rahoto wa masu kamen babura. Suka daina gaishe shi. A masallaci ma sai a bar gurbi a gefensa.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na tare malamin Islamiyyar Mastura, na ce, "Malam, don Allah kalmar nan daga ina ta fito?"

Ya ce, "Leƙe namu ne, irin na kan katanga. Asiri kuwa daga Larabci muka aro, abin da mutum ya ɓoye."

To ai ni ce mai leƙen! Ina sayar da shinkafa da wake a ƙarƙashin gada, masu kamen a wurina suke karyawa. Suna ci suna zuba da Yarbanci, sun ɗauka ba na ji, ni da aka haifa a Agege. Da sun ambaci hanyar da za su tare, sai in kira mijina. Shi kaɗai. Idan tasha duka ta watse, ai za su gane bakin wa ya yoyo.

Na ce wa mijina, "Bari in faɗa wa su Abdou gaskiya."

"Su yi ta yaɗawa, a zo a kife miki tukunya? A'a, Kalsum. Ki daina kirana kawai."

Da safe masu kamen suka zo, suka ci, suka ambaci hanyar Abatuwa, wadda mijina ke bi. Na kira shi. Wayar tana ta ringi. Na sake kira, na sake, har shinkafa ta kama. Wallahi kamar in yi ihu.

Da la'asar ya dawo a ƙafa, ba babur, hular kwano a hannu. Bayansa Abdou ne da sauran 'yan tasha, sun cika mana ƙofar ɗaki suna jaje. Abdou har da rungume shi.

Baban Mastura ya leƙo yana murmushi, murmushin da rabona da shi tun da aka fara maganar.

"Kalsum, kawo wa baƙi ruwa."

Na kai musu. Sai da na tsallake wurin da babur yake kwana.