Aron Ido

Jagoda Wrona ba ta taɓa cewa ba za ta yi inshorar nakasa ba, cewa take sai ta gama koyon tiyata. Madam Halina, dillaliyar inshorar, kan shigo ɗakin cin abincin asibitinsu na Lublin da kwalin fanke, ta zauna tana yi wa ƙananan likitoci wa'azi.

"Likita, ku ne fa masu cewa rigakafi ya fi magani. A yi tun jiki bai da tarihin ciwo."

"Madam, ki bari hannun ya yi daraja tukuna," in ji Jagoda. Ta ɗauki fanke ta wuce.

To, masu koyon aikin likita jikin juna suke ara. Wannan ya ba da hannu a koyi ɗiban jini, wancan ya ba da ciki a koyi hoto, ba wanda ya ɗauke shi komai. Don haka da Radek, abokin karatunta mai koyon aikin ido, ya tare ta a baranda, ko gardama ba ta yi ba.

"Ke mahauciya, ara min idonki. An kawo sabuwar na'ura, gobe oga zai titsiye ni a kanta."

"Malalaci. Ka biya ni da kofi."

Na'urar ba ta aiki sai an sa sunan majiyyaci da lambarsa. Radek ya sa nata na gaskiya, don shi ya fi sauƙi. Ta ɗora haɓa a kan na'urar tana yi masa tsiya, yana ramawa. Can sai ya daina ramawa. Ya sake ɗaukar hoton, ya koma ɗaya idon, sannan ya tashi ya kira ogansa.

Ciwo ne mai cin gani a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, kuma ba shi da magani. Ita ba ta ji komai ba tukuna. Amma hoton ya riga ya shiga tarihin lafiyarta, da sa hannun babban likita a ƙasa.

"Zan goge," in ji Radek.

"Ka goge me? Ko ka goge, ni ai na gani."

Duk da haka ta nemi Madam Halina. Tsoro ya cika ta, don ban da tiyata ba ta iya komai ba, kuma ba ta da kowa sai uwa mai jiran ta gama. Matar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta ce ai na gaya miki ba, kuma wannan ya fi yi wa Jagoda ciwo.

"Da a makon jiya na zo fa?"

"Da sun karɓe ki gaba ɗaya, 'yata. Abin da mutum bai sani ba, ba a kama shi da shi."

"Yanzu fa?"

"Hannu, baya, ƙafa, duk za su ɗauka. Ban da ido."

Jagoda ta yi 'yar dariya, ita kanta ba ta ji daɗinta ba. Ta koma ta wanke hannu, ta shiga ɗakin tiyata, ta tsaya gefen malaminta. Ya nuna wata siririyar jijiya da bakin almakashi.

"Wrona, kina ganin wannan?"

"Ina gani."

"Madalla. Da ido irin naki, shekara talatin za ki yi a wannan teburin."