Sawun Zabi a Hannun Hure

Shekarar da damina ta sake ƙin zama, ƙyanda ta shigo ƙauyen su Hure, can bayan Ɗambatta, ta tarar yunwa ta riga ta cinye ƙarfin yara. Asiya, 'yar da ta rage wa Hure, ba ta daɗe a kwance ba aka kai ta makwancinta.

Asiya yarinya ce mai son zane. Jikin rumbunsu duk ta cika shi da gawayi, sawun zabi ne a jere tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Da Nababa, mijin Hure, ya ce za su saki gonar su koma Kano, ba gonar ce ta tsaya mata a rai ba. Rumbun ne, don ba a ɗaukarsa a ka.

Ta kira Baba Muntaka wanzami, wanda ya yi wa matan garin jarfa tun suna 'yan mata. Ta nuna masa zanen, ta miƙa damtsenta.

"Wannan nake so, Baba. Yadda ta yi shi, har karkacewar."

Tsohon ya dubi hannun, fata ce kawai a kan ƙashi.

"Hure, jikin da bai ƙoshi ba, ba ya rufe miki da wuri. Ki bari a ga kaka."

"Wace kakar?" in ji ta.

Sai ya wasa aska, yana duban rumbu yana tsagawa, yana goga baƙin tukunya. Tun rasuwar Asiya, Hure ba ta yi kuka ba, sai ranar. Ta riƙa ba shi labarin Asiya, yadda take bin zabi a jeji, yadda take ɓoye gawayi a bakin zane don kada a yi mata faɗa. Da yamma har ta ci tuwon dusa ta ji ɗanɗanonsa.

A Kano suka sami ɗaki a Rijiyar Zaki, tana daka da wankau a gidajen mutane. Ruwan sabulu ya shiga mikin, hannun ya kumbura, ya yi ruwa. Da ya warke, sawun ya haɗe wuri guda, ya zama baƙin tabo kamar ƙuna.

Wata rana Hajiyar da take yi wa wanki ta lura da shi.

"Wuta ce ta ƙone ki?"

Hure ta buɗe baki za ta ce zanen 'yarta ne. Ta dubi tabon, ita kanta ta kasa gane inda yatsun zabin suke. Hajiya kuwa ta riga ta juya tana kiran direba.

"E, Hajiya, wuta ce."

Nababa ya tafi Ikko neman aikin gadi, daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Hure ta ci gaba da wankau har bayanta ya ranƙwafa, ba ta kuma taka ƙauyen ba.