Shafukan da Ba Su San Juna Ba

Mai katifa ya daɗe yana cizon yatsa kan abu guda: duk wanda ya nemi katifa a waya, shagonsa ba ya fitowa sai can ƙasa, inda babu mai kaiwa. Ya kai kukansa ga ƙanin matarsa, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya tun ranar da ya tayar da firintar wani ofis da duka.

"Yaya, abin ai na yabo ne," in ji Injiniya, yana kishingiɗe kan katifar sayarwa. "Injin bincike yana ɗaga shafin da wasu shafuka ke nunawa. Sai mu buɗe namu da yawa, duk su riƙa turo mutane wurinka."

"In ya gane duk ni ne fa?"

"Nan ilimin yake. Kowane shafi yana da lambar gidansa a intanet, IP ake ce mata. Mu ba kowanne tasa daban, sai ya ɗauka baƙi ne da ba su taɓa haɗuwa ba."

Haka aka yi. Aka buɗe shafin wani likitan baya, da na direban da ƙugunsa ya warke, da na Ƙungiyar Masu Son Barci. Duk bakinsu ɗaya: babu katifa sai tasa. Mai katifa ya karanta ya sake karantawa, har tafiyarsa ta canza.

"Kin ji abin da likita ya ce a kaina?" ya tambayi matarsa.

"Wane likita? Wanda ƙanina ya haifa a falona?"

Makonni suka wuce, shago bai motsa daga ƙasa ba. Injiniya ya ce yabon ne ya yi yawa, ana bukatar shafi guda mai kama da adalci. Ya tsallaka titi zuwa shagon abokin hamayyarsu, wani dogo marar yawan magana, ya kwanta kan katifunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai saye. Ya dawo ya rubuta kwatanci tsakanin shagunan biyu: kauri, farashi, wacce ke lotsawa, wa ke kai kaya har gida. Don kada a zarge shi, ya faɗi gaskiya.

Wannan shafin ne mutane suka yi ta tura wa juna, shi ne kuma ya hau sama. Masu saye suka cika layin, waya a hannu. Su leƙa shagon mai katifa, su danna katifa da yatsa, su tsallaka titi.

"Goge shi yanzu!" in ji mai katifa.

"Haba Yaya, shi kaɗai ne fa ya yi nasara. Aikina ne."

Suna cikin haka Dogo ya yi sallama, fuskarsa fal murna.

"Maƙwabci, ka ga abin da wani bawan Allah ya rubuta a kanmu? Na bi diddigi in gode masa, ko alamarsa babu. Har yanzu akwai masu gaskiya a duniya. Allah ya saka masa da alheri."

Mai katifa ya buɗe baki. In ya ce nasa ne, likita da direba da ƙungiya duk sun tonu. 

"Amin," ya ce, a ciki-ciki.

Injiniya kuwa har da shafa fuska. Kafin Dogo ya fita, Injiniya ya zura masa katinsa na neman aiki.