Ƙafafun Tahira

Tahira ta manna kunne a jikin ƙofa tana sauraron guɗar mata a tsakar gida. Sunan jikarta ake yi, a gidan ɗanta Alhaji Alkasim da ke Sabon Garin Maraɗi, amma ita ko fuskar jaririyar ba ta gani ba. An dai ajiye mata kwanon shinkafa a bakin ƙofa, an ƙwanƙwasa, an wuce.

Tun shigowar korona Alkasim ya je Jiratawa ya ɗauko ta daga garkarta, wato lambunta na ban ruwa, ya sa ta a ɗakin baya mai fanka da talabijin. Likita ya ce masu ciwon suga irinta cutar ta fi kayarwa. Ya kuma ce lallai ta riƙa taka ƙafa kullum, sai dai wannan rabin maganar bai sami wurin zama a kunnen Alhaji ba. Shi kuwa kullum yana kasuwa, duk hannun da aka miƙo masa don gaisawa sai ya karɓa.

Kewa ta ci ta. Tana kewar ƙamshin ƙasa idan an saki ruwa da safe, da surutun mata wajen tsinkar zogale. Ƙanwarta ta rasu a Tibiri, ta waya aka yi mata gaisuwa.

"Alkasim, ka maishe ni gida," ta ce masa ta taga. "Zaman ga ya ishe ni."

"Inna, ki ƙara haƙuri. In wani abu ya same ki, mi zan ce ma mutane?"

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Mutanen gari suka yar da takunkumi, ita tana nan daga gado sai tabarma, har salla ta koma yi a zaune.

* * *

Ranar da ya yarda ya kai ta, a kujera aka ɗauke ta zuwa mota. Ta ce a ranta tsamin ƙafa ne kawai, da ta taka ƙasar Jiratawa zai sake ta.

Mota ta tsaya a bakin magudanar ruwa, ƴar siririyar da take tsallakewa da dami a ka. Ga garkar can, kore shar. Ta sauke ƙafa, ta dafa ƙofa, ta yunƙura. Ta sake yunƙurawa. Gwiwoyin suka ƙi.

Sai ga Saudatu, maƙwabciyarta a garka, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, ta tsallako da fartanya a kafaɗa.

"Tahira! Ashe rai kan ga rai? Taso mu shiga, ki ga yadda zogalenki ya yi!"

"Kin gan ta nan," in ji Alkasim yana murmushi. "Ko tari ba ta yi ba, alhamdu lillahi."

Tahira ta ja zane ta rufe ƙafafunta.

"Bar shi, Saudatu," ta ce. "Daga nan ma ina hangen shi."