Kaset ɗin Inna Azumi

Fim ɗaya Imrana ya taɓa shiryawa, shi ma da kyamarar ɗaukar biki, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Labarin rabon gado ne, amma ba wanda ya damu da gadon. Daga Kaura Namoda har Shinkafi, fim ɗin Ɗantani ake ce masa, saboda abokin Imrana, wani tela a bakin tashar jirgi, da ya fito a mashayi. Ya yi tangaɗi bisa layin dogo, ya taka rawa da wata mata, ya durƙusa ya gaida akuya. Zoɓo ne a kwalbar. Ɗantani ko taba ba ya sha.

Sanƙarau ya ɗauke shi da bazara. Ba a jima ba Imrana ya ji wani malami yana wa'azi, cewa kamar yadda rijiyar da mutum ya gina take kai masa lada har kabari, haka ɓarnar da ya bari take bin sa muddin ana aikata ta. Malamin bai ambaci fim ba. Imrana ne ya kai maganar can da kansa. Shi ya koya wa Ɗantani tangaɗin, shi ya ce a ƙara rawar. Ke nan duk dariyar da aka yi a wani zaure, a kan wa take sauka?

Ya haɗa bidiyo biyu a shagonsa, ya tsame Ɗantani daga fim ɗin kaf, ya naɗe sabon a kan na asali don kada zuciya ta yaudare shi daga baya. Sannan ya shiga bin masu hayar kaset, yana karɓar tsoho yana ba da sabo.

Ranar kasuwar Shinkafi, Wakili mai hayar kaset ya hango shi tun daga nesa.

"Darakta! Zo ka kwashi gawarka. Ka ƙwaƙule ƙwaya ka bar muna ɓawo. Cikin fim ɗin mutane suna tsaye suna yi ma bango faɗa, 'Kai dai ka lalace!' Wa ya lalace? Ba a ganin kowa. Wani tsoho ya ce mani fim ɗin aljanu ne."

'Yan rumfar suka fashe da dariya. Imrana ya ce don mamaci ya yi.

"To mamacin na nan da ransa a Zurmi," in ji Wakili. "Uwa tai na da nata kaset. In kana da ƙarfin hali, tahi ka amso."

Ya tafi. Ya tarar da Inna Azumi, mahaifiyar Ɗantani, tana sheƙar gero a tsakar gida. Ta aje faifan ta yi masa shimfiɗa, ta dama fura, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya sha furar sannan ya iya buɗe baki. Ya faɗa mata wa'azin, ya faɗa mata abin da ya yi, ya aje sabon kaset ɗin a gefen tabarma.

Ta ce, "Kai kam ka taɓa zama ka kalle shi tun da ya rasu?"

"Na kalla, Inna, lokacin da nike cirewa."

"Wannan ba kallo ba ne, fiɗa ce. Tashi mu je."

A zauren maƙwabcinta akwai talabijin da ƙaramin janareto. Aka sa nata kaset ɗin. Kaset ɗin ya sha kallo har hoton ya yi dishi-dishi, wani farin layi yana yawo a ƙasansa. Ga Ɗantani ya ɓullo bisa layin dogo. Inna Azumi ba ta yi dariya ba. Ta matsa gaf da gilashin tana nunawa da yatsa.

"Ka ga yadda yake jefa ƙafar hagu? Haka uban shi yake tahiya. Wanga tari ma ba na wasa ba ne, mura yake yi rannan, na ce ya bari sai ya warke ya ƙiya."

Duk zaman da Imrana ya yi yana yanka, rawa da kwalba kawai ya gani. Bai ga ƙafar ba, bai ji tarin ba. Kuma wannan kaset ɗin ne kaɗai ya rage a duniya.

Da suka koma gida ya ɗauki sabon kaset ɗinsa ya mayar cikin jaka.

"Inna, riƙe naki. Na fasa."

"Tsaya, ɗana. Ka gaya mani tsakaninka da Allah. In na kalla, yana jin zafi can?"

Ya so ya ce a'a. Kalma ce guda, kuma da ta yarda da shi. Amma bakinsa ya ƙi.

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba."

"A da ban san akwai abin sani ba," in ji ta. "Yanzu ka zo ka gaya mani. Ƙaƙa zan zauna in kalle shi ina tunanin ko ni ce ke ƙara mashi wuta?"

"Sai mu tambayi malamai."

"Wani ya ce i, wani ya ce a'a. In ɗauki wane in aza bisa kabarin ɗana?"

Ta danna gefen kaset ɗinta, murfin ya ɗaga, ta sa ɗan yatsa ta jawo zaren. Imrana ya miƙa hannu ya ce, "Inna!" Ba ta dube shi ba. Ta dinga ja, baƙin zaren yana taruwa a cinyarta, har ya tsinke daga can ciki. Ta dunƙule shi ta tura cikin murhu, ya yi ƙauri ya narke.

Ta miƙa masa kwankon.

"Tahi da shi, kana iya naɗa wani abu a ciki."

Bai gaya mata ba cewa ba a naɗa komai a kaset ɗin da babu zare. Ya karɓa da hannu biyu. Ta ɗauki faifanta ta juya masa baya, ta ci gaba da sheƙar geronta.