Gwiwar Mancang

A gidanmu na Pang ba a koya wa mace dambe, wai kada ta kwashi sirrin ta kai gidan miji. To ni mijin ya mutu, na dawo gidan yayana ina dama musu kunun gero, kuma tagar madafa tsakar gida take kallo. Ba wanda ya taɓa tunanin toshe ta. Ai mace ce, me za ta gane?

Yayana Jinkui, wanda duk ƙauyen ke kira Shifu, wato malam, kashi biyu ya raba ɗalibansa. 'Yan waje a masussuka suke koyo da safe, kowa na gani. 'Yan ciki kuwa a tsakar gida, sai an rufe ƙofa an sa sakata. Kuma mutum ba ya zama ɗan ciki sai ya durƙusa gwiwa biyu gaban allon da ke ɗauke da sunayen kakanni, ya buga goshi a ƙasa sau uku, ya miƙa shayi da hannu biyu. In Shifu ya sha, ka zama ɗa, ran da ya mutu har da kai za a ɗaura farin makoki. In bai sha ba, ko ka tsufa a ƙofar gidan, baƙo ne kai.

Shayin nan shi ne kaɗai abin da Geng Mancang yake so a duniya. Ya fi shekara ashirin yana bin yayana. Shi ne noman gidan, shi ne ɗiban ruwa, kuma da bayan Shifu ya riƙe, shi ya goya shi har wajen mai magani a garin Cangzhou. Kullum za ka gan shi gindin magarya cikin tsayuwar doki, ƙafafu a ware, gwiwoyi a lanƙwashe kamar mahayi, cinyoyinsa na rawa, yayana na zaga shi da sanda yana dukan duk inda ya ga dama. Kowace sabuwar shekara sai ya kawo maganar shayi, kowace shekara amsar ɗaya ce: "Saura kaɗan, Mancang."

Ga abin da na gani ta taga. A jerin motsin gidanmu akwai wani taku da ake kira Damisa Ta Juya. 'Yan waje ana koya musu su juya da yatsun ƙafar gaba suna kallon waje. 'Yan ciki kuwa yatsun ciki suke kallo, gwiwa a rufe. Tun kakanmu ake haka. Ana barin ƙofa ɗaya a buɗe a jikin kowane ɗan waje, don in wata rana ya ɗaga wa gida hannu, a san ta inda za a kayar da shi.

Mancang bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Laifinsa ɗaya, ya iya. A kasuwa aka fara cewa in tsoho ya kwanta dama, Mancang ne zai riƙe masussuka, don Deshun, ɗan Shifu ɗaya tilo, ba abin da ya sani sai tantabaru da giyar dawa. Maganar ta iso kunnen yayana. Bayan kwana biyu ya aika aka gaya wa Mancang cewa ranar bikin cikar wata, bayan girbi, zai sha shayinsa.

Mancang ya yi kuka kamar yaro. Ni ma na yi murna, har sai da na ga abin da ake yi bayan an sa sakata. Yayana ya kafa turke a tsakar gida, ya ɗaura tsumma daidai tsayin gwiwa, ya sa Deshun yana harbinsa da dunduniya. Shura ɗaya tak, safe da yamma, ba wani abu. Deshun da ko tsintsiya ba ya ɗagawa!

Na tare Mancang a bakin rijiya.

"Mancang, ajiye gugan nan ka saurare ni. In ka zo Damisa Ta Juya, mai da yatsunka ciki."

Ya yi dariya. "Goggo, yaushe kika fara koyar da dambe?"

"Tun kana zubar da majina nake kallonsa. Abin da aka koya maka ba shi ake yi a ciki ba. Gwiwarka suke nema."

Dariyar ta ɗauke. "Shifu ubana ne."

"Uban Deshun ne, sakarai! Kai jakin gidan ne."

"Goggo, ki daina. Ba zan tsaya ana zagin Shifu a gabana ba, ko da ke ce."

Ya saɓi ruwansa ya tafi. Kun san ina ya nufa? Wajen yayana! Ya kwashe duk abin da na faɗa ya zube masa, wai shi mai biyayya.

Da rana yayana ya shigo madafa, ya ɗauki tafarnuwa yana ɓarewa, yana murmushi.

"Kin gani ko? Da kansa ya kawo min ke."

"Yaya, mutumin nan ya goya ka a bayansa."

"An ce miki ban gode ba? Amma masussuka ta 'yan Pang ce. Sai mutane sun gani da idonsu za su yi shiru." Ya jefa tafarnuwar a baki. "Kunun safe gishirinsa ya yi yawa."

Na tsane shi a ranar, kuma har yau ban daina ba.

Ranar bikin aka buɗe ƙofa, ƙauyen duk ya cika tsakar gida. An kunna turare gaban allon kakanni, an jera wainar wata a faranti. Mancang ya zo cikin sabuwar shuɗiyar riga da matarsa Guizhi ta ɗinka masa. Yayana na zaune a kujerar kakanmu.

"Kafin shayi," in ji shi, "ku ɗan gwada hannu kai da ƙanenka, baƙi su sha kallo."

Suka sunkuya wa juna, suka haɗa hannu. Kai, abin kunya ne. Mancang lallaɓa shi yake yi, amma duk da haka sau biyu Deshun na tangal-tangal har jikin randa. Mutane suka fara dariya. Wani ya ce, "Deshun, kira tantabarunka su taya ka!"

Sai yayana ya ɗaga murya, irin muryar da yake ba da umarni kowace safiya a masussuka: "Damisa Ta Juya!"

Mancang bai ko yi tunani ba. Jikinsa ne ya amsa, kamar yadda ya saba amsawa shekara da shekaru. Ya juya, kyakkyawar juyawa, yatsu na kallon waje. Deshun ya sauke masa dunduniya. Ƙarar kamar an karya busasshen karan dawa, har madafa na ji ta.

Guizhi ta ƙwalla ihu. Mancang na ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa, fuskarsa ta yi fari fat. Dariya ta mutu. Deshun na haki yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyar da kai.

"Ku ba shi shayinsa," in ji yayana. "Na yi alkawari, ba na saɓawa."

Aka zuba, aka damƙa masa. Ya ja jiki har gaban kujera.

"Durƙusa."

Ya gwada. Na rantse da kabarin mijina ya gwada. Ya kafa gwiwa mai lafiya, da ya zo sauke ɗayar sai ya kife, ƙoƙon ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Shifu, bari in riƙe shi," in ji Guizhi, tana kuka. "Don girman kakanni."

"Kakanni ba sa karɓar shayin wanda aka riƙe. A ƙara masa."

Aka ƙara. Wannan karon bai iya ko tashi ba. Yana rub-da-ciki ya ɗaga ƙoƙon da hannu biyu sama da kansa, shayin na zuba masa a wuya.

"Shifu, ga shi. Shifu."

"Wannan kwanciya ce, ba durƙuso ba." Yayana ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Saura kaɗan, Mancang. In ƙafar ta warke ka dawo."

Ƙafar ta warke a sandare, ba ta sake lanƙwasa ba. Da yayana ya mutu bayan damina biyu, Mancang ya zo da sandar dogarawa, aka bar shi a bakin ƙofa tare da maƙwabta, ba ko ƙyallen fari. Deshun ya hau kujera.

Kwanan baya na bi ta masussuka zan je tsinkar magarya. Mancang na zaune a kan kututture, ƙafar a miƙe, yana koya wa 'yan waje a madadin Deshun. Wani saurayi dogo ya zo Damisa Ta Juya, jikinsa da kansa ya mai da yatsun ciki. Mancang ya zabga masa sanda a ƙauri.

"Waje! Buɗe ƙafar nan!"

Na tsaya. Na ce, "Mancang, har da kai?"

Ya sani sarai, na gani a idonsa. Ya kau da kai.

"Goggo, Deshun ya ce in na riƙe masa 'yan waje da kyau, baɗi zai duba maganar shayina."

Ya sake ɗaga sandar, saurayin ya juya yatsunsa waje.